Abu na Huɗu

Ƙarfe uku da rabi, rana ta naɗe tabarmarta a Arbroath.
Ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi,
ƙamshin kifin da ake bandawa a bakin teku
ya biyo iska har ɗakin girkinmu.

Kaka Senga na kan kujera, bargo a gwiwa,
yatsunta sun lanƙwashe kamar ɗanyar citta.
Shekara sittin hannun nan yana murza ƙullu,
yau sai dai ya yi nuni.

"Ɗaya na sukari, biyu na man shanu, uku na fulawa.
Abu uku, Ishbel. Duk wanda ya ƙara na huɗu,
ba biskit ya gasa ba, ƙarya ya gasa."
Haka uwarta ta ce mata.

Tun hantsi na fito da man shanu ya saki jiki.
Na buga shi da sukari har ya yi haske,
na zuba fulawa, ina murzawa da kan yatsu
har ya koma yashin gaɓa bayan ruwa ya janye.
"Kar ki matse shi," in ji ta, "bai yi miki laifi ba."

Na daddale shi a faranti, kaurin yatsa guda,
na ja layi, na soka cokali mai yatsu sahu-sahu.
Ta ce layi na biyar ya karkace.
Na duba. Ya karkace.

Wuta kaɗan-kaɗan. Wannan ba ya son gaggawa,
in ya yi ja, an makara.
Minti arba'in muka zauna muna sauraron agogo,
muna kewaye maganar da ba ma yi:
tun ciwon bara harshenta ya yi barci.
Shayi ruwan zafi ne, miya ma ruwan zafi,
biskit ɗin Kirsimeti ta tauna, ta ce alli.
Zobenta yanzu yawo yake a yatsa.

Amma ran Juma'a na gan ta.
Ta ɗauki yankan lemon tsami daga gefen kifi,
ta tsotsa, ta runtse ido, fuska ta yamutse
kamar wadda ta ji an kira sunanta a kasuwar baƙi.

Shi ya sa na shigo da lemo biyu a aljihun riga.
Na juya mata baya, na goga ɓawon.
"Me kike gogawa?"
"Ba komai."
"Ba komai ba ya ƙara, yarinya."
Na matse ruwan cikin garin sukari,
na juya har ya zubo daga cokali kamar zare.

Rabi na shafa wa.
Rabi na bari tsirara, don girmama iyayen da suka riga mu.
Shafin ya bushe, siriri, kamar ƙanƙarar asuba a kan kududdufi.

Na gargajiya ta fara ɗauka.
Ta tauna, ta ajiye.
Ta daɗe tana harar ɗayan.
"Da uwata na nan, da tsintsiya za ta raka ki ƙofa."
Sannan ta gutsura.

Shiru. Ɓurɓushi a haɓarta.
Ido ya kawo ruwa, ta ce tsamin ne.

"Lemon ne ya fara shigowa," ta ce a hankali,
"sai ga man shanu a bayansa,
kamar yaro mai kunya riƙe da rigar yayarsa.
Na ɗauka ya yi ƙaura."

Waje ya yi duhu, jiragen kamun kifi sun kunna fitilu.
Ta miƙa hannu, ta ja farantin kusa da gwiwarta.
"Kar maƙwabta su ji," in ji ta, baki cike.
"Kuma layi na biyar
har yanzu a karkace yake."